Koyar da Ƙidaya ga Yaran Aji Ɗaya

Mun lura a Aujara, ƙasar Jahun, yaro yakan rera ɗaya, biyu, uku har ashirin, amma in an zube masa tsakuwa 7 sai ya ce 9, don bakinsa ya riga yatsansa. Wannan waƙa ya iya, bai san ƙidaya ba tukuna. Saboda haka kada mu yi gaggawar rubuta 3 + 4 a allo. Mu ba kowane yaro 'ya'yan tsamiya 10, ya taɓa ɗaya, sa'an nan ya ƙirga ta. In hannunsa ya faɗa, ya riƙa raba su kashi biyu kowace safiya, watau 6 da 4, 7 da 3, har ya amsa ba da duban yatsu ba. Tsamiya muka zaɓa, don gyaɗa ba ta kaiwa ƙarshen darasi.