Wanke bangon gida da injin feshin ruwa: abin da bidiyon TikTok ba ya nunawa

Bidiyon wankin gida na cikin abubuwan da ke yawo sosai a TikTok da YouTube. Za a ga wani a Amurka ya ɗauki bindigar injin feshi, ya bi bango mai datti, nan take ya koma fari tas. Bangon da ake wankewa a irin waɗannan bidiyo yawanci ba siminti ba ne. Faifan roba ne na PVC da ake jera su a jikin gidan katako, kowane faifai ya hau kan na ƙasansa kamar ɓawon kifi. A Sabon Birni da Isa da wuya a ga gida mai irin wannan sutura. Abin da ake da shi shi ne ginin bulo mai filasta da fenti, ginin ƙasa mai yaɓe, rufin kwano, silin na roba a shaguna da barandu, sai kuma allunan sola. Inji ɗaya ne da na masu wankin mota da babur, amma kowane bango da irin abin da yake iya ɗauka.

Ana auna ƙarfin injin da PSI ko da ba, kuma ba 1 ya kai kusan PSI 14.5. Ƙananan injinan lantarki suna bada kimanin PSI 1,300 zuwa 2,000, na fetur kuma sukan wuce 3,000. Faifan roba da bango mai fenti ba sa buƙatar fiye da abin da ƙaramin inji ke bayarwa. Kärcher K2, alal misali, yana bada ba 110, yana zuƙe lita 6 na ruwa a minti ɗaya. Ke nan jarka mai lita 25 ba za ta wuce minti huɗu da 'yan daƙiƙu ba. Duk wanda ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ya yi wannan lissafin tun kafin ya ari inji. Yana kuma cin wuta wat 1,400, don haka ƙaramin janareta mai wat 650 ba zai tada shi ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen zaɓen kan bindiga. A injinan da ake canza musu kai, launi ne ke nuna faɗin feshin: ja digiri 0, rawaya 15, kore 25, fari 40, baƙi kuma na sabulu ne. Jan kai yana tara ruwan duka a wuri ɗaya kamar tsinin allura. Yana huda roba, yana ɓare fenti, yana tone filasta. Ba shi da aiki a jikin bangon gida. Fari ne ya dace, kore kuma sai inda datti ya kafe. A tsaya nesa da bango kamar santimita 60, a gwada a wani lungu da ba a gani, sannan a matso a hankali, kada a wuce santimita 30.

Ga faifan roba da silin, alkiblar ruwan ta fi ƙarfinsa muhimmanci. Faifan bango an ƙera shi ne don ruwan da ke gangarowa daga sama. Idan aka feso daga ƙasa, ruwan yana kutsawa ta mahaɗin faifan ya taru a baya, katakon da ke riƙe da su ya ruɓe, wayoyin wuta su jiƙe. A riƙe bindiga daidai da bango ko a ɗan karkata ta ƙasa. Sabulu ana shafa shi daga ƙasa zuwa sama don kada ya bar zane, ɗauraya kuma daga sama zuwa ƙasa, kafin rana ta busar da shi. Mai amfani da Hypo ko Jik ya tsarma shi da ruwa sosai, kuma kada ya haɗa shi da ruwan wankin masai, domin haɗin yana fitar da iska mai guba.

Ginin ƙasa kam babu maganarsa. Yaɓen da ya sha damina biyu zai iya zubewa cikin minti ɗaya. Tsintsiya ta ishe shi. Haka allon sola: ƙurar hunturu tana rage masa wuta, gaskiya ne, amma feshi mai ƙarfi yana lalata robar da ta toshe gefen gilashin, danshi ya shiga. Bokiti da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, sun fi.

Sai lafiyar mai wankin. Kafin a fara, a kashe wutar soket na waje, a rufe mita da kwan fitila da leda, a ɗaga mahaɗin waya daga ƙasa mai jiƙa. Silifas ba takalmin wannan aiki ba ne. Kada a hau tsani da bindiga a hannu, saboda tana tunkuɗa mutum baya lokacin da aka matsa ta. Injin fetur kuma a waje ake ajiye shi, hayaƙinsa yana kisa a ɗaki rufe.

Raunin da ruwan ke yi yana da yaudara. Idan ya sami yatsa ko ƙafa daga kusa, ɗan ƙaramin rami kawai ake gani, alhali ruwa da datti sun shige can cikin nama. Irin wannan yana buƙatar likita a ranar, ko da ba ya zafi sosai, wani lokaci har da tiyata. Idan ya fi ƙarfin babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, sai an dangana da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma mutanen yankin sun san yadda wannan hanya take a 'yan shekarun nan.

Masu son ɗaukar nasu bidiyon su sani cewa alamar IP68 da ke jikin wasu wayoyi tana nufin wayar za ta jure nutsewa cikin ruwa na ɗan lokaci. Feshi mai ƙarfi yana da gwajinsa daban, IP69, kuma wayoyi kaɗan ne ke da shi. A kafa wayar mita uku ko huɗu daga bango, ta gefen da iska ke fitowa, a jawo hoton kusa da kyamara.