HAYAƘIN GIRKI, SARE ITATUWA DA LAFIYAR IYALI

Gabatarwa

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi murhu, wato wurin da uwargida take durƙusawa sau biyu ko uku a kowace rana. Mutane da yawa ba su ɗauki hayaƙin girki a bakin komai ba, tun da a cikinsa muka tashi muka ga iyaye da kakanni. Amma mu ma'aikatan lafiya muna ganin abin da yake haifarwa a ɗakin awon ciki da ɗakin yara. Shi kuma itacen da ake ƙonawa daga daji ake saro shi, kuma saransa yana taɓa abincin da muke ci da kuɗin da ke aljihun maigida. Za mu bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Me ke cikin hayaƙi?

Idan itace, gawayi, kara ko kashin shanu bai ƙone sosai ba, yana fitar da abubuwa masu cutarwa. Biyu daga cikinsu sun fi damun mu.

Na farko shi ne ƙananan ɓurɓushin baƙi da ido ba ya gani. Saboda ƙanƙantarsu gashin hanci ba ya tare su, sai su wuce can cikin huhu, wasu ma su shiga jini. Duk wadda ta dubi rufin madafarta ta ga yadda ya yi baƙi ƙirin, to ta tuna cewa iskar da ta baƙanta rufin ita take shaƙa.

Na biyu shi ne wata iska mai guba da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kama shi sau 200 ko fiye, don haka sai ta hana jini kai oksijin ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Gawayi yana fitar da ita da yawa ko da ba a ga hayaƙi yana tashi ba. Haka ma janareta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya, daga ciki akwai yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Hukumar ta kuma nuna cewa kusan rabin yaran da ciwon nimoniya yake kashewa a wannan shekarun, shaƙar hayaƙin cikin gida na da hannu a mutuwarsu.

Illa ga mai ciki da abin da ke cikinta

Jaririn da ke ciki ba ya numfashi da kansa. Oksijin ɗinsa daga jinin uwa yake zuwa, ta hanyar mabiyiya da cibiya. Idan jinin uwa ya ɗauki guba maimakon oksijin, rabon jariri ya ragu ke nan. Shi ya sa ake samun haihuwar jarirai marasa nauyi, wato waɗanda ba su kai kilo 2.5 ba, a tsakanin matan da ke yawan zama cikin hayaƙi. Irin waɗannan jarirai sun fi saurin yin sanyi, sun fi wahalar kama nono, kuma sun fi saurin kamuwa da cuta. Idan mai cikin tana da ƙarancin jini tun farko, abin ya zama biyu ke nan.

Ita kanta uwa, bayan shekaru tana girki a rufaffen wuri, tana iya samun tari mai naci da toshewar numfashi irin na masu shan taba, alhali ba ta taɓa sa taba a baki ba. Hayaƙi yana tayar da asma, yana taimaka wa yanar ido, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Illa ga yara

Yaron da ke goye a baya yayin girki yana shaƙar duk abin da uwarsa ta shaƙa. Ga shi numfashinsa ya fi na babba sauri, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba.

A nan akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Mutane sukan ce sanyi ne yake kawo nimoniya, har ana kiran ta sanyin haƙarƙari. Saboda haka da hunturu ya kama sai a toshe taga, a rufe ƙofa, a shigo da kaskon garwashi ɗaki. Gaskiyar magana ita ce ƙwayoyin cuta ne suke kawo nimoniya, hayaƙi kuma shi yake raunana huhu ya buɗe musu hanya. A sa wa yaro riga mai kauri, hula da safa, a lulluɓe shi, amma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

A garzaya asibiti idan yaro mai tari ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamomi:

1. Saurin numfashi. A ƙirga na minti ɗaya lokacin da yaro yake natse: sau 60 ko fiye ga jariri ɗan ƙasa da wata 2, sau 50 ko fiye daga wata 2 zuwa wata 11, sau 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5.
2. Ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki idan ya ja numfashi.
3. Ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai.
4. Jijjiga, yawan barci da wuyar tashi, ko leɓe da harshe sun canza launi.

Idan kuwa mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala bayan sun kwana da garwashi ko janareta a kusa, a fito da su sarari nan take, a buɗe ƙofa da taga, a kawo su asibiti. Kada a tsaya ana ba su madara ko manja.

Maganar jego

A al'adarmu maijego takan yi wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, wasu ma su zarce. Kafin haihuwa maigida ya riga ya tara itacen jego. A wasu gidajen kuma ana gasa ɗakin maijego da wuta. Manufar iyaye mai kyau ce, so suke 'yarsu ta yi ƙwari. Sai dai muna karɓar mata da ƙunar ruwan zafi a jiki, da jariran da suka kwana suna shaƙar hayaƙi tun ba su yi sati ba.

Ruwan ɗumi wanda za ki iya sa gwiwar hannu a ciki ba tare da jin zafi ba ya wadatar, kuma tukunya ɗaya ta isa. Game da kunun kanwa, a sani cewa kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa, wanda ke tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya aiki. Duk wadda ta yi hawan jini ko kumburi lokacin goyon ciki ta guje shi. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo, a kawo ta asibiti a ranar, domin alamun ciwon zuciya ne da kan biyo bayan haihuwa. Muna roƙon gwaggo, inna da kaka masu zaman jego su taya mu a kan wannan.

Daga daji zuwa tukunyar miya

Yanzu mu dubi inda itacen yake fitowa. Dattawa za su shaida cewa da can ƙirare ake tsintowa a bayan gari. Yau a manyan motoci ake kawo itace da buhunan gawayi birni daga nesa. Idan aka sare itatuwa ba a maye gurbinsu ba, iska tana kwashe ƙasar sama mai albarka, ruwan sama yana zaizaye gona, amfani yana raguwa. Wannan yana daga cikin abin da ke kawo kwararowar hamada a jihohi irin su Sakkwato, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Itatuwan da ake sarewa kuwa su ne rumbun miyarmu:

Kuka: ganyenta yana da sinadaran gina ƙashi da ƙara jini, garin 'ya'yanta kuma yana da bitamin C mai yawa.
Ɗorawa: daga kalwarta ake yin daddawa, mai gina jiki ga gidan da nama ya yi wa tsada.
Kaɗanya: tana ba da man kaɗe, sana'ar mata da yawa a karkara, amma masu gawayi suna son ta saboda ƙarfin itacenta.
Gawo: yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Manoma sun san geron gindin gawo ya fi kyau.
Tsamiya, aduwa, magarya, kanya, ɗinya da goruba: su ne 'ya'yan itacen yaran karkara.

Idan itace ya yi wuya, mata sukan koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda da a gona za su ruɓe su zama taki. Wasu kuma sukan rage dafa wake saboda yana cin wuta, ko su daina tafasa ruwan sha. Da haka ƙarancin itace yake komawa ƙarancin jini ga mai ciki, tamowa da gudawa ga yaro.

Abin da maƙwabta suka yi

Gyara yana yiwuwa. Bayan farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, manoman jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun rungumi wata dabara da wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa tare da su daga 1983. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga kututture a gona, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Tun da saiwar tana nan da rai a ƙasa, itacen yana girma da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Rassan da ake datsewa sun zama itacen girki a kusa da gida, ganye ya zama abincin dabbobi. Dabarar ba ta buƙatar kuɗi, wuƙa ko adda da haƙuri kawai.

A ɓangaren gwamnatoci, Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar itatuwa a bakin Sahara a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumar da ke kula da shirin a 2015 domin jihohi 11 na arewa.

Lissafin aljihu

Gas da lantarki sun fi itace, gawayi da kananzir tsabta nesa ba kusa ba. Mun san halin da ake ciki: bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da dama suka koma gawayi. Duk da haka muna ba maigida shawara ya riƙa rubuta abin da yake kashewa a itace ko gawayi na wata guda, ya haɗa da kuɗin magani, kuɗin mota zuwa asibiti da ranakun da bai fita nema ba saboda jinyar yaro. Sannan ya kwatanta da kuɗin cika ƙaramar tukunyar gas. Mata masu adashi suna iya ware kwasa ɗaya don sayen tukunyar. Ko da gas ɗin na shayi, ɗumame da kunun yara ne kawai, an rage hayaƙi.

Matakan da za a ɗauka a gida

1. A yi girki a fili ko a rumfa mai iska. Idan a madafa ne, a fasa taga biyu masu kallon juna da wata kafa kusa da rufi.
2. A sauke goyo kafin a hura wuta. A ba wani ya riƙe yaron nesa da murhu.
3. Mai ciki ta rage zama a bakin wuta. Kishiya, 'yar'uwa ko manyan yara su taimaka.
4. A yi amfani da busasshen itace da aka faskara ƙanana. Ɗanye da jiƙaƙƙe sun fi hayaƙi.
5. Kada a hura wuta da leda, roba ko tsohon takalmi. Hayaƙinsu guba ne.
6. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da murfi, a haɗa kayan miya kafin a kunna wuta, a kashe ta da an gama.
7. A zagaye murhu da ginin laka, ko a sayi murhu mai tattalin itace. Yana rage itacen da ake ci, amma ba ya kawar da hayaƙi gaba ɗaya, don haka a ci gaba da barin iska tana shiga.
8. Masu gas su ajiye tukunya a tsaye, su gwada tiyo da ruwan sabulu. Idan an ji warin gas a rufe kan tukunya, a buɗe taga, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki.
9. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a kai shi rigakafi a sati na 6, na 10 da na 14. Cikin alluran akwai masu kare shi daga manyan ƙwayoyin cutar nimoniya.
10. A shuka zogale a tsakar gida, a riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke hatsi. Cikin 'yan watanni za a fara cin ganyensa. Manomi kuma ya bar tohon gawo, kuka da ɗorawa a gonarsa.

Kammalawa

Iyaye mata, ba a ce ku daina girki da itace gobe da safe ba, kowa da ƙarfinsa. Amma fito da murhu waje, sauke goyo da hana garwashi kwana a ɗaki ba sa cin ko kwabo. Magidanta, sayen makamashi da gyaran madafa a wuyanku suke, haka ma itatuwan da ke gona. Duk mai ciki ko mai shayarwa da ke fama da tari fiye da sati 2, ko ciwon kai da jiri a lokacin girki, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya a ranar awo domin a duba ta. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu ciki lafiya.