RUMBU A CIKIN ZUCIYA
Darasi a kan haddace Maganar Allah

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Matiyu 4:1-11

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji mai bi yana cewa, "Ni kaina ba ya riƙe abu. In na ji wa'azi ran Lahadi, kafin Talata ya zube." Waɗansu kuma sukan ce, "Na san amsar, amma da maƙwabcina ya tambaye ni dalilin bangaskiyata, sai bakina ya mutu." In kai ma haka kake, kada ka karai. Mutumin da ya san sunan kowace akuya a garkensa, ya san iyakar gonar kakansa, yana kuma riƙe da bashin da ake binsa tun bara, ba za a ce ba shi da kai ba. Abin da ya rasa shi ne hanya. Hanyar kuwa ana koyonta.

1. Don me za mu haddace?

Littafi yana iya ɓacewa. Gara takan ci shi, ruwan damina yakan jiƙa shi, ido kuma yakan dushe da tsufa. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, littattafai masu yawa suka zama toka. Amma abin da yake cikin zuciyar masu bi, wuta ba ta kai gare shi ba. Manomi mai hankali ba ya barin hatsinsa a gona. Yakan ɗaure shi dami dami, ya zuba a rumbu, domin ya san rani yana zuwa.

Ubangijinmu Yesu ya nuna mana wannan. Sa'ad da Shaiɗan ya gwada shi a jeji, ba littafi a hannunsa. Sau uku aka gwada shi, sau uku ya amsa da abin da yake rubuce cikin Maimaitawar Shari'a. Ya kuma yi alkawari cewa Ruhu Mai Tsarki zai tuna wa almajiransa abin da ya faɗa musu (Yahaya 14:26). Ku lura: ana tuna wa mutum abin da ya riga ya ji ne. Ba a ɗiban hatsi daga rumbun da ba a zuba kome ba.

2. Ka fara gane ma'ana

Abin da ba ka gane ba, da wuya ya zauna. Kafin ka fara haddace aya, ka karanta abin da ya zo gabanta da abin da ya biyo bayanta. Ka tambayi kanka: Wa yake magana? Da wa? A kan me? In akwai kalma mai wuya, ka tambayi fasto ko mai bishara.

Sa'an nan ka yanka ayar gunduwa gunduwa, kamar yadda ake cin tuwo loma loma. Ɗauki Yahaya 3:16. Tana da gaɓa huɗu: wanda ya yi ƙauna, kyautar da ya bayar, wanda zai karɓa, da abin da zai samu. Ka riƙe gaɓa ta fari har ta zauna, ka ɗora ta biyu a kanta, ka koma ka faɗe su tare. Haka har ƙarshe. Kullum ka faɗi sunan littafi da sura da aya, da farko da kuma ƙarshe, gama su ne kwatancen gidan ayar. Wanda ya san mutum amma bai san gidansa ba, ba zai iya kai baƙo wurinsa ba.

Mutanen Allah na dā ma sun yi dabara irin wannan. Zabura 119 tana da aya 176, an raba su kashi 22, kowane kashi aya 8. A harshen Ibrananci, dukan ayoyin kashi ɗaya da harafi ɗaya suke farawa, bi da bi, daga harafin farko har na ƙarshe. Wannan shiri yana taimakon mai haddacewa ya san inda yake.

3. Kaɗan kaɗan, kwana da yawa

A shekara ta 1885 wani malami Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya yi ta haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna yadda suke gushewa. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, sa'an nan ta rage gudu. Ya kuma tarar da wani abu: aikin da maimaitawa 68 ta yi a zama ɗaya, maimaitawa 38 ta yi shi da aka raba ta cikin kwana uku.

Manomi ya san wannan tun dā. Ba a noma gona sau uku a yini ɗaya a ce an gama. Akan yi noman fari, a dakata, ciyawa ta fara ɗagowa, a koma a yi maimai. Haka hadda take. Ga shirin da za ku iya bi:

Ranar fari: da safe, da rana, da kuma lokacin kwanciya.
Kashegari: da tashi daga barci.
Bayan kwana uku: sau ɗaya.
Bayan mako ɗaya: sau ɗaya.
Bayan wata ɗaya: sau ɗaya, sa'an nan lokaci lokaci.

Kada ku raina maimaitawar dare. Masana sun tabbatar barci yana kafa abin da mutum ya koya da rana. Musa kuwa ya riga ya umarci Isra'ilawa su koya wa 'ya'yansu maganar Allah a zaune cikin gida, da a kan hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Lokaci huɗu ke nan a yini guda, ba zama ɗaya mai tsawo ba. Aya ɗaya a mako ba ta fi ƙarfin kowa ba, amma a shekara ta zama aya 52. Da yayyafi kogi kan cika.

4. Ka rufe littafin

Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sukan karanta aya sau goma ido a kan takarda, su ga kamar sun iya. Ido ne ya saba da ita, ba zuciya ba. A shekara ta 2006 waɗansu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai. Waɗansu suka yi ta sake karanta labari, waɗansu kuwa suka karanta, suka rufe, suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karatu ne suka fi. Amma bayan mako guda, masu rufe takarda suka wuce su.

Saboda haka ka karanta, ka rufe littafin, ka faɗa da baki. In ka maƙale, kada ka yi saurin buɗewa. Ka ɗan yi kokawa da ita tukuna, gama wannan wahala ita ce take zurfafa ramin shuka. Bayan haka ka buɗe ka gyara kuskure. Ka faɗa da murya, kunne ya ji. Maƙwabtanmu na makarantar allo sun san amfanin wannan: yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun da ka.

Wanda bai iya karatu ba fa? Ba a bar shi a baya ba. Yaron da ke zuwa makaranta ya karanta, kaka ta amsa. Uwa ta biya ayar tana daka, kowace gaɓa da saukar taɓarya. Maigida ya biya ta a bayan jaki, ko yana tafiya gona. Ku sa mata murya irin ta waƙa, gama abin da aka rera ba ya saurin fita. Da dare, bayan tuwo, kowa ya faɗi tasa, ƙarami ya gyara wa babba ba tare da kunya ba.

5. In za ka yi magana gaban mutane

Wani lokaci za a ce ka ba da shaida a majami'a, ko ka koyar a taron mata, ko ka yi magana a gidan makoki. Kada ka nemi haddace kowace kalma, gama in ɗaya ta kuɓuce maka sauran za su watse. Ka riƙe kawunan magana kaɗai, kada su wuce biyar, ka rataya kowanne a yatsa ɗaya.

Ga misali daga labarin ɗan da ya ɓata (Luka 15:11-32). Babban yatsa: ya karɓi rabonsa ya tafi. Manuni: dukiya ta ƙare, yunwa ta kai shi kiwon aladu. Na tsakiya: ya dawo cikin hankalinsa, ya kama hanyar gida. Na huɗu: uban ya hango shi, ya sheƙa ya rungume shi. Ƙaramin yatsa: wan ya yi fushi, uban ya fita yana lallashinsa. Hannunka yana tare da kai ko'ina.

In magana ta fi haka tsawo, ga dabarar da masu jawabi na Girka da Roma suka yi amfani da ita fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ka zaga gidanka a zuci: zaure, tsakar gida, murhu, turken awaki, rumbu. Ka ajiye kan magana ɗaya a kowane wuri. Sa'ad da ka tsaya gaban jama'a, sai ka bi ta gidan kana ɗauka ɗaya ɗaya. Kafin ranar, ka faɗi maganar da murya sau biyu ko uku, ko ga matarka, ko kai kaɗai a gona.

Waɗansu sukan ce ba sai an shirya ba, tun da Yesu ya ce za a ba mu abin faɗa. Ku duba Matiyu 10:17-20 da kyau. Wannan alkawari na waɗanda aka ja gaban mahukunta ne saboda sunansa, ba mafakar rago ba ne. Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa, da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15).

6. Gargaɗi

Hadda ba abin fahariya ba ce, ba kuwa laya ba ce. Shaiɗan kansa ya jawo aya daga Zabura 91 sa'ad da yake gwada Yesu. Hatsin da ke rumbu ba ya ƙosar da kowa sai an sussuka, an daka, an dafa. Ayar da ka haddace a kan gafara, ranar da dabbar maƙwabci ta shiga gonarka za a san ko ta zauna.

Tambayoyi domin iyali

1. Waɗanne lokatai huɗu ne Musa ya ambata?
2. Me ya sa ya kamata a rufe littafi sa'ad da ake biya aya?
3. Wa zai taimaki wanda bai iya karatu ba a gidanku?

Aikin wannan mako: Ku haddace Zabura 119:11 tare. Ran Asabar da dare kowa ya faɗe ta da ka.

Addu'a: Ya Ubanmu na Sama, ka ba mu naciya mu tara Maganarka tun da sauran haske. Ka tuna mana da ita a ranar gwaji, ka sa ta a bakinmu sa'ad da aka tambaye mu, ka kuma ba mu ikon aikata ta. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.