Ba Kowane Shiru Ne Haƙuri Ba

'Yata,

Tun ranar Lahadin da kika zo kika zauna a bakin gadona kina murza gefen mayafinki, maganarki ba ta bar raina ba. Magariba ta kawo kai, yara suna ta kai-kawo a kanmu, sai na ce miki ki yi haƙuri, kika ce to, kika tafi. Bayan na idar da sallah na ji nauyin abin da na yi. Kin kawo min ciwon wata huɗu, na sallame ki da kalma ɗaya, irin wadda aka sallame ni da ita shekaru kusan hamsin da suka wuce. Shi ya sa na nemi biro da takarda.

Ga abin da na fahimta. Kin gama NCE tun kafin aure, kina son ki koma ki yi digiri, kuma kina da burin wata rana ki buɗe 'yar makarantar ƙananan yara a unguwarku. Maigidanki yana da shagonsa a Kantin Kwari, ya fita da safe ya dawo da cefane, kuma a ganinsa rayuwa ta yi daidai a haka. Duk sanda kika ɗauko zancen sai ya ce "Allah ya kai mu," ya jawo wayarsa. Har kika daina ɗaukowa. Yanzu ko abinci ta bakin yaro ake sanar da shi: "Je ka ce wa Abbanku an gama." Sannan kin faɗi wata kalma da ta tsaya min a wuya, kin ce ba shi da zuciyar nema.

Da wannan kalmar zan fara, don ina tsoronta fiye da duk sauran. Mutumin da ya shekara bakwai tukunyar gidansa ba ta kwana a kife ba, ba a ce masa marar zuciyar nema. Kin san abin da 'yan Kwari suka gani a daminar 2022, da ruwa ya shiga kasuwar ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, wasu ma kayan bashi ne. Ba su gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, dala ta tashi, mai sayen turmi uku ya koma sayen ɗaya. Wanda ya ratsa wannan bai rufe shago ba, bai bar ku da yunwa ba, yana da buri. Burin nasa ne bai zo ɗaya da naki ba. Kin taɓa tambayarsa me yake so ya ga ya cim ma nan da shekara biyar? Mai yiwuwa fili yake hari don ku bar gidan haya. Mai yiwuwa so yake ya kai Hajiyarsa Makka kafin ƙarfinta ya ƙare. Ki binciki zuciyarki ki gani ko kin sani. In ba ki sani ba, to shi ma ki yi masa uzuri in bai san girman abin da ke ranki ba.

Bari in ba ki labarina, wanda ko babanki bai san shi duka ba. A 1976 gwamnati ta fara shirin UPE, aka buɗe makarantun firamare ko'ina, ana neman malamai ido rufe. Ƙawayena biyu da muka gama aji bakwai tare suka shiga kwalejin horon malamai mata. Ni ina ɗakina, amarya. Wata safiya Malam, Allah ya jiƙansa, yana sa takalmi zai fita, na ce masa ina son in bi su. Ya ce, "Za mu gani." Ya fita. Ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin a'a, na ƙulle bakina. Kusan shekara guda ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, ina durƙusawa in gaishe shi, amma zuciyata na rufe ta ruf. Da na kai kuka gida aka ce in yi haƙuri. Makwabta suna yabona, wai ba a taɓa jin kanmu ba. Gaskiya ne, ba a ji ba, don ba ma magana.

Wani dare ɗanmu na fari yana zazzaɓi, muna zaune a kansa mu biyu, sai Malam ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wai me na yi miki?" Na fashe da kuka na faɗi komai. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce wallahi ya zaci na fasa, tunda ban sake tayar da zancen ba. Abin da ya sa ya ce za mu gani kuwa, mahaifiyarsa ce ba ta da lafiya, yana tunanin wa zai zauna da ita in na fita, yana kuma jin nauyin a ce ya kasa riƙe matarsa har sai ta fita nema. Matsalar da na yi shekara ina haɗiyar baƙin cikinta, a mako biyu aka warware ta: ƙanwarsa ta dawo gidan, ni na shiga makaranta. Na koyar fiye da shekara talatin. Amma wannan shekara ɗaya da na zubar, har yau in na tuna ta sai na ji zafi, musamman yanzu da ba ya nan.

Laifin namu ne, mu iyaye mata. Daren kai amarya muna cika mata kunne da "yi na yi, bari na bari," da "aure ɗan haƙuri ne," amma ba ma koya mata yadda za ta buɗe baki ta faɗi abin da ke damunta cikin ladabi. Kunya ado ce, kawaici ma haka, ba na so ki rabu da su. Sai dai akwai shirun da ake yi don Allah, a yafe a manta, akwai kuma shirun da ake yi ana tara wa mutum laifi a ciki kamar adashe, ana jiran ranar kwasa. Na biyun gaba ce ta sa rigar haƙuri. Alamarsa ita ce "ba komai" da ake faɗa fuska a ɗaure. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma namijin da ya yini yana ciniki da jama'a ya dawo a gajiye, abin da zai karanta a fuskarki kawai shi ne ana fushi da shi. Ba zai karanta dalilin ba. Sai ya fita majalisa inda ake dariya.

Na kuma ji 'yan'uwanki suna cewa kina ɗora maganganu a WhatsApp kan mazan da ba sa son ci gaban matansu. A zamaninmu a bakin turmi ake sakin habaici, kuma ko a lokacin bai taɓa gyara gida ba. Naku ya fi muni, don duk wanda ke da lambarki ya gani, har dangin mijinki. Ki goge, 'yata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ki yi tunanin abin da kunnensa ke ji in kin ce digiri. Ke karatu kike nufi. Shi mai yiwuwa yana jin cewa abin da yake kawowa bai isa ba. Yana jin labaran da ake bayarwa a majalisa na matan da suka fara ɗaukar albashi suka raina mazansu. Yana tuna shi a sakandare ya tsaya. In kuwa kin taɓa haɗawa da "mijin wance ya kai ta jami'a," to kin soke shi a inda ba zai taɓa nuna miki ba. Namiji ya gwammace ya ce "Allah ya kai mu" sau ɗari da ya ce "ina tsoro" sau ɗaya. Ke ma kina jin abin da bai faɗa ba: kina jin kamar ya ce ƙwaƙwalwarki ba ta da amfani sai a kicin. Kowannenku yana faɗa da maganar da ɗan'uwansa bai furta ba.

Kada ki ɗauka ina cewa ki bar burinki. Ko kusa. Neman ilimi ba baƙon abu ba ne a gidan Musulmi, ba kuma baƙo ba ne a ƙasar nan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u tana ɗakin mijinta, Waziri Giɗaɗo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, har ta rasu a 1864. Aure bai hana ta ba, ita ma karatu bai hana ta riƙe gidanta ba. Shawara da mace kuwa, ki tuna Hudaibiyya, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗauka. Na kawo miki waɗannan don zuciyarki ta natsu cewa abin da kike nema halal ne. Ban kawo su don ki mayar da su bulala ki shiga da ita turaka ba. Wanda aka kayar da hujja a gaban matarsa, ko ya yarda da baki, zuciyarsa ba ta yarda ba.

Akwai kuma alkawari. Da aka zo neman aurenki babanki ya ce za ki ci gaba da karatu a ɗakinki, wakilansa suka ce babu matsala. Haka ake yi a gidaje da yawa, a faɗa a dunƙule a shafa fatiha. Ba wanda ya ce yaushe, da kuɗin wa, wa zai riƙe yara. Alkawari kaya ne, yana kansa, kuma kina da haƙƙin ki tuna masa. Amma warware dunƙulen aikinku ne ku biyu.

Ki zaɓi lokaci. Kada ki yi kuskurena na tare mutum yana sa takalmi. Ba a bakin ƙofa ba, ba yana jin yunwa ba, ba a gaban yara ba, ba kuma ranar da kasuwa ta yi masa tsiya ba. Bayan isha, ya ci ya huta. Ki fara da ba shi haƙuri kan gabar watannin nan, don wannan kam naki ne. Sannan ki tambaye shi nasa burin, ki saurara har ya gama ko da ya yi ta kewaye-kewaye. In kin zo kan naki, ki zo da lissafi a hannu, don ɗan kasuwa ne, lissafi yake ganewa. Nawa ne kuɗin rajista, nawa kika tara a adashenki, nawa kike nema a wurinsa. Wa zai ɗauko yara daga Islamiyya. Ki nuna masa hanya ba ɗaya ba ce: akwai karatun ƙarshen mako, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN da ke da cibiya a nan Kano, akwai shirin dogon hutu da Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yi wa malamai. Ki tambaye shi kai tsaye wanne ne ya fi kwanta masa, kuma me yake tsoro. In ya ce a jira shekara guda har a biya wani bashi, ki karɓa, amma ku sa wata, ku sa rana. Maganar makarantar da kike son buɗewa ki ajiye ta tukuna. Ba a haɗa gudu da susar baya.

Zama ɗaya ba lallai ya wadatar ba. In kin gwada sau biyu, sau uku, ya ƙi buɗe baki, to Alƙur'ani ya nuna hanya a aya ta 35 ta Suratun Nisa'i: a samo mai sulhu daga danginsa, a samo daga naki. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kamar yayansa ko kawunsa, daga namu ɓangaren kuma Baffanki, don ya fi babanki sanyin zuciya. Kada ki fara da yaji. Yaji yana kawo biko, amma sau da yawa a dawo da mace ba a taɓa ainihin zancen ba. Duk wannan kuwa ina faɗarsa ne don kin tabbatar min ba ya zaginki, ba ya dukanki, ba ya hana ku ci da sha. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya shigo, magana ta canja, ƙofata a buɗe take ko tsakar dare ne.

Abu na ƙarshe mai ɗaci ne, amma gara ki ji daga bakina. Zai yiwu ya bar ki ki yi karatun, ya biya ma, amma shi ya ci gaba da zama mutumin da shagonsa da gidansa da masallacinsa suka ishe shi. Ba zai zama mai zumuɗin da kike so ba. Malam har ya koma ga Allah bai taɓa sha'awar abin da ya wuce gonarsa da ɗalibansa na zaure ba, ni kuwa kullum ina hangen gaba. Na yi kukan wannan a ɓoye, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na lura duk ranar da na dawo daga makaranta a birkice, natsuwarsa ce nake tararwa a gida in jingina da ita. Ki roƙi Allah ya tsare zuciyarki daga raina shi, ko da kin kai inda kike son kaiwa.

Ranar Juma'a ki turo min yaran su kwana biyu a nan, na yi kewarsu, kuma gidan zai yi muku shiru ku samu sarari. Ki yi masa dambun nan da kika ce yana so, ki kai masa da hannunki. Ki gaishe min da shi, ki ce Goggo tana sa masa albarka.

Goggonki