Darasi: Daga Tsabar Sadaka Zuwa Jarin Sana'a, Haƙƙin Masu Rauni A Kan Jama'ar Gure



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi mutanen da muke wucewa kowace Juma'a a ƙofar masallaci: makaho da ɗan jagoransa, gurgu, matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu, da makiyayin da fari ya share masa garke har ya shigo gari. Mukan miƙa musu dala biyar ko goma, kuma akwai lada cikin haka insha Allahu. Sai dai mako na zagayowa mu tarar da su inda muka bar su, har yaron da ke jagora ya girma bai ga allo ba, bai koyi sana'a ba.

Duk dattijon Gure ya san yadda da yawa daga cikinsu suka kai ga wannan hali. Farin 1973 da 1974, da na 1984, sun karya makiyaya masu yawa, Fulani da Tubawa da Buzaye. Aka sake shan wuya a 2005 da 2010. Ga kuma rairayi yana cin kwarurrukan da Mangawa ke noman rani da samun dabino da kanwa a cikinsu. Yawancin waɗannan bayin Allah sun iya aiki. Abin yin aikin ne ya kuɓuce musu.

Imam Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, labarin wani Ba'ansare da ya zo roƙo wurin Manzon Allah (S.A.W.). Da aka bincika, aka ga abin da ya mallaka shi ne mayafi guda da ƙwaryar shan ruwa. Annabi ya yi gwanjonsu a kan dirhami biyu, ya umarce shi ya sayi abinci wa iyalinsa da ɗaya, ya sayo gatari da ɗayan. Shi da kansa ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya ɗiba masa kwana 15 ya je ya yi itace. Mutumin ya dawo da dirhami goma. Wasu malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta ta tabbata a cikin Sahihul Buhari, a hadisin Zubairu ɗan Awwam da ke fifita ɗaukar igiya a yi itace a kan roƙon mutane.

A lura da tsarin: an fara da abin da mutum ke da shi komai ƙanƙantarsa, an toshe yunwar gida kafin a yi maganar sana'a, an haɗa masa kayan aiki, an kuma sa ranar da zai dawo a ga abin da ya yi. Wanda ya ba mai yunwa jari bai ba shi hatsi ba, to jarin za a dafa. Gatarin kuwa, kada wani ya ɗauke shi a zahirinsa. A ƙasar da kowace bishiya ke riƙe da tudun rairayi, raba wa matalauta gatura ɓarna ce. Gatarin Gure a yau shi ne keken ɗinki, ko amalanken jaki, ko damin kaba ga mai saƙar tabarma da makaho mai tukar igiya, ko ragon turka da za a kai kasuwar Gidigir gabanin Layya.

Shin ya halatta a yi haka da zakka? A mazhabarmu ta Malikiyya ana iya ba faƙiri abin da zai ishe shi shekara guda, ko da ya haura nisabi. Imam Nawawi, daga malaman Shafi'iyya, ya yi bayani a littafinsa Al-Majmu'u cewa ana ba mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa, ɗan kasuwa kuma jarin da ribarsa za ta riƙe shi. Saboda haka attajirin da ya cire zakkar jikka ɗari biyu ya canza ta zuwa tsaba, ya tara mutane ɗari huɗu suna turereniya a ƙofar gidansa, ya sauke farali, amma a ganinmu ya bar abin da ya fi. Da ya zaɓi gida huɗu ya tsayar da su da ƙafafunsu, da watakila baɗi ba su dawo layi ba. Haka mai awaki 40 da akuya ɗaya ta wajaba a kansa: lafiyayyar akuya a hannun uwar marayu garke ce nan da 'yan shekaru.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Fulani suna da habbanaye: a ba wanda ya rasa dabbobi aron karsana, ya sha nono, ya riƙe 'ya'yan da ta haifa, bayan haihuwa biyu ko uku ya maido da uwar. Hukumomi da ƙungiyoyin raya karkara sun ari wannan al'ada, suna raba awaki ga mata bisa tsarinta a jahohi da dama, har da tamu ta Damagaram. Shari'a ma ta san irinta, domin hadisai sun kwaɗaitar a kan maniha, wato ba da aron dabba mai nono ga mabukaci.

Misali na biyu daga jahar Maradi ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashin da iyayenmu mata suka sani. Mata kimanin 25 zuwa 30 ke haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yi ittifaƙi a kai a cikin asusu, a ranta wa mai bukata ta yi ƙuli-ƙuli ko ta sari kaya, a ƙarshen zango a fasa a raba. Ba a kawo musu kuɗi daga waje ba, nasu suka tara. Tsarin ya bazu cikin Nijar, daga baya aka kwaikwaye shi a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya.

Amma wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan. A yawancin waɗannan asusu, wadda ta ranci jikka goma takan maido da ƙari, sau da yawa kashi 10 cikin 100. Ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ce da Allah Ya haramta, ko da za a raba ta ga 'yan asusun daga baya. Wasu malamai sun tsaya ga hana matansu shiga, suka yi shiru. Wannan rabin aiki ne, domin fiƙihu ya buɗe ƙofofi. Asusu na iya sayen buhun gyaɗa da kansa, ya mallake shi, sa'annan ya sayar wa mace bashi da farashin da aka sani tun farko, wanda ba ya ƙaruwa idan ta yi jinkiri. Ko a yi ƙiradi, wanda ɗalibai ke karantawa a Risala: asusu ya ba da kuɗi, ita ta yi aiki, a raba riba rabi da rabi ko yadda aka shirya, in an yi hasara ba da sakacinta ba, dukiya ce ta faɗi, ita kuma wahalarta.

Akwai kuma waɗanda asusu ba ya kaiwa gare su. Wadda ba ta da abin zubi ba ta shiga, kuma sau da yawa ana ƙyamar zama da kuturu ko kurma. Dokar ƙasa ta 1993 ta tanadi kariya ga naƙasassu, an kuma keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, sa'annan Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu a 2008. To amma guraben albashi nawa ne a Gure, balle a Kelle ko Bune? A nan sana'ar hannu da kasuwa ne abin dogaro, kuma masallaci ya fi kowane ofis sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Abin da muke kira gare shi shi ne kowane masallacin Juma'a ya zaɓi amintattu uku ko biyar, cikinsu da mace da wakilin naƙasassu, su riƙe asusu biyu da ba a cakuɗa su. Na farko na zakka, wanda ake mallaka wa mai shi baki ɗaya, domin ba a ba faƙiri zakka rance. Na biyu na sadaka da waƙafi, wanda ake rantawa babu ƙari, ya dawo, ya tafi ga wani. A rubuta kowane bashi da wa'adinsa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni, a kuma saurara wa wanda ya shiga ƙunci bisa aya ta 280. Kada a tara wa mata goma keken ɗinki a unguwa guda. A fara tambayar 'yan kasuwa abin da ake nema. Idan kuma masallaci zai sayi tabarmi ko igiyar guga, ya fara neman na makafin garinsa kafin na kanti.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu kawo sharuɗɗan ƙiradi ɗaya bayan ɗaya, da yadda ake rubuta takardarsa.