Yadda Ake Gano Sabuwar Gona a Tsakiyar Damina

A watan Maris na sayi gona a wani ƙauye bayan Wudil. Ranar da dillali ya kai ni fili ne fetal, sai kututturan dawa da awaki suna kiwo, daga inda muka ajiye mota ana hango kusurwoyinta huɗu. Da na koma cikin Agusta, ana tsakar marka, awa biyu na yi ina bulayi cikin geron da ya fi ni tsawo, ban ga gonata ba. Washegari na sake komawa, wannan karon yadda ya kamata, kuma shi zan bayyana a nan.

Kada ka zarce daji kai tsaye. Ka fara da ƙofar mai unguwa, ko da kana ganin ka san hanya. Ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya sayar da gonar ko ɗansa, da kuma aƙalla mutum ɗaya cikin maƙwabtan gonar. Maƙwabcin ya fi dillali amfani nesa ba kusa ba: dillali ya karɓi la'adarsa ya wuce, shi kuwa maƙwabci yana nan, kuma da shi za ku yi ta haɗa iyaka har iya rayuwa. Takardar ciniki ka naɗe ta a leda biyu, wayarka ma haka. Ka fita da sassafe.

Mota kuwa, ka bar ta inda burji ya ƙare. Hanyar da ka bi da rani ka tayar da ƙura, yanzu taɓo ce, wani wurin ma an nome ta. Takalmin roba da sanda sun ishe ka. Sandar ta taɓa zurfin ruwa ce, da kaɗa ciyawa saboda maciji.

Abin da ya ɓatar da ni ranar farko alama ce. Da rani na riƙe wani gawo mai duhun ganye a matsayin shaidar kusurwar arewa. Na manta cewa gawo ba ya bin sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Sau uku na wuce shi ina ɗauka busasshen icce ne. Dattijon da ya raka ni washegari ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Alhaji, ai ga gawonka nan. Bai mutu ba, hutu yake."

"Wallahi Baba, jiya a gindinsa na zauna na sha ruwa."

Saboda haka ka riƙe alamar da damina ba ta sauyawa: kuka, ɗorawa, tsohuwar rijiya, suri, dutse, ko inda burtali ya yi kwana. Burtalin ma ka lura da shi sosai. Idan gonar ta ci wani yanki na hanyar shanu, rigima ka saya, ko da mai sayarwa ya shekara goma yana noma wurin.

Idan hadari ya haɗo daga gabas kana tsakiyar gonaki, kada ka ruga gindin babbar bishiya, can tsawa ta fi sauka. Ka nemi bukkar gona ko ruga mafi kusa, ka yi sallama. Mu a wata bukkar kara muka fake, mu huɗu da akuya, ruwa yana ɗiga ta saman jinka yana bin bayan wuyana. Rafin da muka tsallaka da safe ruwansa iya idon sawu, da muka dawo ya kai ƙugu, ja wur, yana jan karmami. Ba mu shiga ba. Ruwan rafi daga sama yake zuwa, yakan ƙaru bayan an ɗauke, kuma yakan janye cikin 'yan awoyi. Jira muka yi.

Da an ɗauke ruwa, kada ka yi saurin komawa gida, domin wannan ne lokacin da gona take faɗin gaskiya. Ka zagaya ka ga inda ruwa ya kwanta, da inda ya tsotse nan da nan, da inda ya yanka kunya ya wuce da ƙasa. Jigawa mai rairayi ta gero ce da gyaɗa da wake. Kwarin da ya riƙe ruwa ya fi son shinkafa. A tawa gonar na tarar da ɗan kwazazzabo a kudu, wanda da rani ban ko kula da shi ba, yana cin ƙasa a hankali. Da na gan shi kafin ciniki, da ban biya kuɗin da na biya ba.

Sai bin iyaka. Ka taka ta da ƙafarka, kusurwa zuwa kusurwa, mai sayarwa a gaba, maƙwabci a gefe, kowa yana jin abin da ɗaya ya faɗa. A ƙauye iyaka yawanci layin gamba ce, ko bini-da-zugu, ko wata tsohuwar kunya da aka bari ba a nomawa. Ka ƙirga taku. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 kowane gefe idan ta yi daidai, kimanin taku 130 na babban mutum. Eka kuwa ba ta kai rabin hekta ba, kuma a nan ake yawan cutar 'yan birni, a ce hekta alhali eka ce. A kowace kusurwa ka tsaya ka ajiye alamar wurin a taswirar waya, amma ka sani waya takan kauce da 'yan mitoci, kuma a kan mita biyu ma ana zuwa gaban alƙali.

Tun ƙasa tana da danshi ka dasa sandunan bini-da-zugu a kusurwoyi, a gaban shaidu. Suna kamawa da wuri, dabbobi kuma ba sa cin su. Ka tambayi maƙwabcin a keɓe ko gonar gado ce, ko akwai magajin da bai sa hannu ba, ko an taɓa jinginar da ita.

Daga nan sai safiyo ya zo ya auna, ya kafa turakun siminti. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallakar gargajiya a kan filin da ba na birni ba, don haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci mafari ce kawai. Ka bi ta har ƙaramar hukumar.

Tawa gonar, da safiyo ya gama awo, ta gaza abin da dillali ya faɗa da kusan rabin eka.