Yadda Ake Shirya wa Yara Dandalin Wasa Idan An Je Hutu Kunci

Hutun ƙarshen shekara ya fi kowane lokaci daɗin kai yara ganin dangi a ƙasar Kunci, ƙaramar hukumar da gwamnatin Kano ta sauya wa suna zuwa Ghari a 2024. A watan Disamba an gama yankan dawa, gero ya daɗe a rumbu, gonaki sun buɗe, ga kara tsibi-tsibi a bayan gidaje. Sauro ya yi sauƙi, hanya ta bushe, ko ta Bichi mutum ya biyo ko ta Kazaure. Wahalar iyaye takan fara ne a kwana na biyu. An gama gaishe-gaishe, cajin waya ya ƙare, sai yaron da ya tashi a birni ya soma tambayar yaushe za a koma gida. Maganin wannan ba ya kasuwar Sabon Gari. Fili ake nema mai inuwa, da kayan da ƙasar ta tanada, da yaran garin da suka san abin da ake yi da su.

Da neman izini ake farawa. Ƙasar Kunci ba ta da wani daji da za a ce babu mai shi. Gona ce manne da gona, ana noma kowacce duk shekara ana ciyar da ita da taki, kuma kowace bishiya da ka gani tsaye a ciki akwai wanda ya gaje ta. Karan nan da baƙo zai ɗauka shara ce, da shi ake danga, da shi ake girki, ganyensa kuma abincin dabbobi ne har faɗuwar ruwa. Saboda haka uba ya samu babban gida bayan sallar asuba, ya durƙusa ya ce, "Baba, alfarma muke nema. A ara wa jikokinka gindin bishiyar can da dami ɗaya na kara." Idan filin na unguwa ne, a bi ta wajen mai unguwa. Ba a cika hanawa ba, amma tambayar ce ke sa wurin ya zama na kowa, maƙwabta ma su riƙa sa ido.

Sai zaɓen bishiya, wanda ya fi yadda ake zato muhimmanci. Darbejiya ce zaɓin farko: tana riƙe ganyenta da rani, ba ta da ƙaya, kuma galibi tana kusa da gidaje. Gawo yana da lullumi a wannan lokacin, domin shi da damina yake kaɗe ganye, amma yana zubar da ƙaya, awaki kuma ba sa barin gindinsa saboda 'ya'yansa. Kuka a hunturu tsirara take, icenta ma ba shi da ƙwarin da za a ɗaura masa igiya. Tsamiya ta fi duka ƙarfin reshe da sanyin inuwa, sai dai a gidaje da yawa tsofaffi ba sa son yaro ya wuni a gindinta. Idan Gwaggo ta ce a'a, a bar mata, a koma darbejiya. Hutun kwana kaɗan bai kai a ɓata wa tsohuwa rai ba. Wurin ya kasance inda mai zaune a ƙofar gida zai hango, nesa da rijiya, nesa da kududdufi, nesa da hanyar 'yan babur.

Kafin yaro ya taka, babba ya zagaya da tsintsiya da manjagara. A share ƙarangiya da tsidau, a tsince fasasshen kwalba da tsohuwar langa. A tone kututturen dawa da ya rage a ƙasa, don bakinsa a fiƙe yake, yana huda ƙafa. Damin kara kuwa babba ne zai kwance shi, ya bubbuga da sanda, ya baza a rana, saboda kunama na son ɓuya a ciki, wani lokaci har maciji. Akwai tsirrai huɗu da ya kamata a nuna wa kowane yaro ido da ido a rana ta farko: tumfafiya, wadda ruwanta fari ke cutar da ido, bini-da-zugu da zurman, waɗanda 'ya'yansu guba ne duk da suna kama da abin ci, da zaƙami. Yaran gari sun san su tun suna goye. Ɗan birni bai sani ba, kuma komai ya tsinta baki yake kaiwa.

Daga nan sai tara kaya. Yashi mangala biyu ko uku daga rafi, a zube gefe guda don ƙanana. Yumɓu daga inda masu ginin tukwane ke haƙa, ko laka mai danƙo daga bakin kududdufi, babba ya ɗebo a tsohon bokiti. Sakaina, tsofaffin silifa, igiyar rama, ƙwallayen goriba, tsakuwa masu sulɓi, gwangwanin madara da aka daddake bakinsa. A zube su a tabarma, kada a ce ga abin da za a yi da kowanne.

A nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna, wato su gina wa yara komai su miƙa musu. A 1943 an buɗe wani filin wasa a unguwar Emdrup ta birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak, bisa shawarar wani mai tsara lambuna da ake kira Sorensen, wanda ya lura yara sun fi son wasa a wuraren da ake gini fiye da filayen da aka ƙawata musu. Abin da aka zuba a filin katako ne da bulo da tarkace, aka bar yara suka gina abinsu. Daga can tsarin ya bazu Ingila da wasu ƙasashe. Yaran Kunci haka suke yi tun kakanni. Shi ya sa bayan an tara kaya, aiki na gaba shi ne kiran 'ya'yan baffa da na kawu da na maƙwabta, domin da ɗan gari akan ci gari. A gaya wa ɗanka a gabansu cewa a nan su ne malamai. Kada kuma a mayar da yaran gida 'yan aiken baƙi, su ƙera mota wani ya karɓe. Wanda ya iya ya nuna, wanda bai iya ba ya yi da hannunsa, ko da ta fito a karkace.

Motar kara ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi riƙe yaro. A zaɓi karan dawa mai kauri wanda ya bushe sarai, na gero ya cika siriri. A yanka shi gaɓa-gaɓa. Wasu gaɓoɓin a bar su da ɓawonsu don su zama ginshiƙai, wasu a feƙe ɓawon a fitar da totuwa, farin cikin nan mai laushi. Ɓawon da aka feƙe kada a zubar: shi ake tsagawa siri-siri a fiƙe bakinsa ya zama ƙusa. A jera dogaye biyu a ƙasa, a gitta gajeru uku a kansu, a soke kowace mahaɗa da tsinken ɓawo, an samu gindin mota ke nan. A kansa ake ta da kai da bodi da totuwa, ana sokewa ana ɗorawa. Taya kuwa da sakaina ake yi, a goga ta a dutse har ta zama da'ira, ko a yanko daga tsohon silifa, wanda ya fi jure gudu. A huda tsakiya, a zura siririn icce mai ƙwari, a toshe bakinsa da guntun totuwa don kada tayar ta fice. Daga ƙarshe a maƙala dogon kara a baya ko a gaba, wanda direba zai riƙe yana tuƙi a tsaye. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, don haka yaron da bai kai shekara bakwai ba a ba shi totuwar da aka riga aka feƙe, wuƙa kuma ta zauna a hannun yayansu. Wanda mota ta gagara ya fara da tabarau: zobe biyu na ɓawo da guntayen totuwa, minti kaɗan ya saƙala a hanci.

Yumɓu ba ya son gaggawa. A jiƙa shi tun dare, da safe a tsince tsakuwa, a cuɗa har ya daina manne wa hannu. Da shi ake gina sa mai tozo, a soka masa ƙayar aduwa a matsayin ƙaho, da raƙumi, da 'yan tukwane da murhu na wasan girki. A shanya a inuwa tukuna, don iskar hunturu da rana suna tsaga shi idan ya bushe farat ɗaya. Bayan kwana biyu a yi masa ado da farar ƙasa da gawayi. Idan an dace akwai mai karan dafi a garin, irin dawar nan da dukawa ke rina fata ja da ita, a roƙi kaɗan a jiƙa. Yaro zai ga inda jan takalmin sallarsa na fata ya samo asali.

Lilo aikin babba ne shi kaɗai. Reshe ɗanye mai kaurin cinya, igiya sabuwa a ninka biyu, mazauni bai wuce gwiwar babba daga ƙasa ba, a zuba yashi a ƙarƙashi. Wanda ya ɗaura ya fara hawa da nauyinsa, kuma ya duba ƙullin kowace safiya. Bukka kuma a kafa musu sanduna huɗu kawai, su jingina kara da tsohuwar zana yadda suka ga dama. Wuta ce ba a yarda ta kusanci wurin ba. Sanyin Disamba yana sa yara hura kara don jin ɗumi, iska kuma ba ta da wuyar kai tartsatsi kan danga.

Sauran filin a bar shi fayau, domin wasannin da suka fi daɗi ƙasa kawai suke so. A gefe a tona gurabun dara, layi 5 na gurbi 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ɗaya tsinke ɗaya tsakuwa. Wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Wannan wasa ne da kaka zai zauna ya yi da jika, su yi ta tsokanar juna, kuma sau da yawa a bakin dara ne yaro ke fara sakin baki da Hausar da yake jin kunyar yi a makaranta. 'Yan mata su zana 'yar gala-gala, su baje carafke. Maza su raba gari biyu su yi langa, a kan yashi, ba takalmi.

Lokaci ma sai an daidaita shi da na gari. Yaran gida suna da makarantar allo, da kiwo, da ɗebo ruwa, wasu da talla. Kada hutun naka ya janye su daga aikinsu har a yi musu faɗa. Gara naka ya bi su kai awaki ko jan guga a gaban babba, a haɗu a dandali da hantsi da kuma bayan la'asar. Idan tafiyar ta dace da farin wata, bayan isha 'yan mata su yi gaɗa, ƙanana su kewaye Inna ta yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kacici-kacici.

Ruwa ne abin da ba na sassauci a kansa. Yara za su ji labarin madatsar ruwa ta Gari su nace a kai su. A kai su, su ga masu su da masu noman rani da idonsu, hannunsu cikin na babba. Wanka dai babu, a can ko a kududdufi. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance yana ɗauke da ƙananan dodon-koɗi masu yaɗa tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Yaron da ya koma gida ya fara fitsari da jini a kai shi asibiti, a faɗa wa likita inda aka je.

Ana gobe tafiya a tattara wurin tare da yaran. Karan da ya rage a ɗaure a mayar wa mai shi, a cike gurabun da aka tona, a kwance igiyar lilo sai in wani babba a gidan ya ce zai ci gaba da duba ta. Kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya da ya yi da hannunsa ya tafi da shi, ya bar wa abokinsa ɗaya. Motar kara a gaban mota ake riƙe ta, don but yana murƙushe ta. Shanun yumɓu kuma a naɗe kowanne da tsumma, a jera su a kwano, a cike tsakaninsu da dusa.